Rasuwar Murhun Lantana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido kuwa busasshe ƙamas, Lantana matar marigayi Bawa mahauci, mai dafa romon kai da ƙafa a unguwar mahauta ta birnin Sakkwato, tana sanar da dangi da maƙwabta da duk mai zuwa ɗibar wuta da safe cewa murhunta na laka, wanda yaran unguwa suka laƙaba wa Ɗan Ƙanƙamo, ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ranar sunan jikan Malami, yayan mijinta, yana bakin aiki, ana sauke tukunya daga kansa. Lantana ta ce a faɗa da babbar murya, ba tsufa ne ya kashe shi ba.

Ga wanda bai san asalin mamacin ba, an haife shi ne a shekarar da Bawa ya rasu. A tsakar gidan nan akwai wani tsohon marke, inuwarsa ta lulluɓe ɗakin Lantana. A gindinsa Bawa yake wasa wuƙaƙensa, a nan yake kishingiɗa in rana ta take, a nan kuma aka shimfiɗa shi a jinyarsa ta ƙarshe don ɗaki ya yi masa zafi. Ko gama takaba ba ta yi ba, Malami, dillalin shanu kuma mai gida yanzu, ya fara zagaya marken yana bubbuga shi da sanda.

"Marken ga ya kai sara," in ji shi. "Icce ya yi wuya, masu kawo shi sai sun ƙetare gulbi. Mi za mu yi da inuwa, tuƙa ta za mu yi?"

Lantana ta durƙusa daga nesa, ta ce, "Yaya, ka bar man shi. Ran da ka gan ni na zari ko tsinke cikin iccen gidan ga, ran nan ka sa gatari."

Malami ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce ya yarda. Ina aka taɓa dafa ƙafar saniya ba itace?

To, a kan wannan dariya aka haifi mamacin. Lantana ta sa aka ɗebo mata laka daga fadamar Kwalkwalawa, ta cuɗa da kashin jaki da ƙaiƙayin gero, ta yi kwana da kwanaki tana takawa. Maimakon duwatsu uku da iyaye da kakanni suka saba, inda iska ke shiga ta ko'ina ta kwashe wuta ta watsar, sai ta gina masa bango zagaye, ta bar ɗan baki guda wanda hannu kawai ke shiga, ta yi wa tukunya mazauni daidai gindinta, ta huda ƙaramar kafa a baya don hayaƙi. Ta bar shi a inuwa ya bushe a hankali. Matan gida suna wucewa suna toshe baki, suna cewa takaba ta taɓa ta.

Allah Sarki, Ɗan Ƙanƙamo! Bai taɓa cewa a ba shi gungume ba. Karan gero, busasshen kashin shanu da Lantana ke sharowa daga garken Malamin da kansa, da 'yan ƙiraruwan da marke ke zubarwa, shi ke nan cimarsa. Abin da murhun duwatsu ke lashewa kafin ruwa ya tafasa, shi da shi zai nunar da kan saniya guda har nama ya saki ƙashi. Ba ya hargowa. In an hura shi sai ya ce "huuu" sau ɗaya, daga nan sai "ƙas, ƙas" a hankali kamar tsohuwa na cin goro. Bai taɓa sa Lantana hawayen hayaƙi ba, bai taɓa lasar gefen zanenta ba. Da bazara, lokacin da tsakar gida ke zama tanda, shi zafinsa a cikinsa yake riƙewa ya miƙa wa tukunya. Ga riƙon amana: garwashin da aka rufe masa da toka bayan la'asar, da shi ake wayar gari. Rabin unguwar mahauta a bakinsa suke kunna wutarsu. Da sassafe sai ka ga mata da tsingaro a hannu, har waɗanda suka yi dariyar nan, suna sallama a ƙofar Lantana.

Mamacin bai rasa maƙiya ba, kuma babbarsu Gwaggo Ashatu ce, ƙanwar mahaifin su Malami. Ita a wurinta gidan mahauta da hayaƙi ake gane shi. In baƙin hayaƙi bai turnuƙe sama ba, masu wucewa za su ce arziki ya ƙare. Duk zuwan da ta yi sai ta harari murhun ta ce, "Wanga abu mai bakin rowa zai ja muna zagi."

Ranar suna aka rasa inda za a ɗora tukunyar taushe, don murahun gida duk sun cika. Lantana tana can zaure na ciki tana rabon waina, Gwaggo Ashatu ta sa aka kinkimo tukunyar biki, wadda mata biyu ke ɗauka, aka danna wa bawan Allah a ka. Ta kawo gungumen ƙirya, baki ya ƙi karɓa. Ta ɗauki taɓarya ta fasa bakin, ta cusa. Wuta ta kama yadda bai taɓa gani ba tun da aka gina shi. Waɗanda suke kusa sun ce ya yi ta ruri, "wuuu, wuuu," bangonsa ya yi ja, amma bai saki tukunya ba sai da taushe ya nuna. Da aka sauke, sai Gwaggo ta yi abin da ake yi wa murhun duwatsu don a ceci sauran itace: ta ɗebo ruwan randa mai sanyi cikin masaki ta sheƙa masa. Ya ce "cuuu." Ya ce "ɓas." Ya rabe uku.

Da Lantana ta iso, Gwaggo tana goge hannu tana cewa, "Ke kuma, don ƙasa kike wannan tsayuwa? Ga duwatsu can, ɗauko ki girka kamar kowa." Lantana ta sunkuya ta kife tukunyar romonta, don ba a musu da gwaggon miji. Amma ranta ya ɓaci ɓacin da bai yi ba tun mutuwar Bawa, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba.

Mamacin ya bar tukunyar romo guda, wadda gindinta bai san wani mazauni ba sai nasa. Ya bar ludayi da mara da wani tsohon mafici da bai taɓa wahalar da shi ba. Ya bar matan unguwa da tsingaronsu, waɗanda tun ranar suke yawon neman wuta gida gida, cikinsu har da Hasana matar maƙeri, wadda ta ce ko a maƙerar mijinta ba a samun garwashi mai kwana irin nasa. Ya bar marke, wanda ya rayu a bayansa duk shekarun nan.

Cikin masu ta'aziyya na farko akwai Malami. Ya tsaya kan gawar, amma idonsa na sama yana ƙirga rassa.

"Allah shi ba da haƙuri, Lantana," in ji shi. "Sai dai ciki ba ya jira. Gobe ko jibi kina zarar icce, alkawali kuwa ke kika yi shi. Na hwaɗa ma mai gatari shi zaka ran Asabar."

"Na ji, Yaya," ta ce. "Amma har yanzu ban zara ba."

Kuma ba ta zara ba. Tukunyar romo tana kife, masu saye suna zuwa suna komawa da kwanonsu wayam. Ita kuwa fura take sha da gumba, sai kwaɗon zogale in Hasana ta tafaso mata ganyen. Ta rame, kowa ya gani. An ce mata yunwa za ta kayar da ita, ta ce sai dai ta kayar da ita a inuwa.

Ga yadda aka tsara rakiyar mamacin. Ba za a bi shawarar Gwaggo Ashatu ta jefar da shi juji ba. Ranar Juma'a da yamma za a daka gaɓoɓinsa a turmi, a jiƙa, a cuɗa da sabuwar lakar da jakin maƙeri ya riga ya tafi ɗaukowa, a gina magajinsa daga jikinsa. Bakin zai zama kamar na uban, ko ma ya fi ƙanƙanta. Laka ɗanya kuwa in ta sha rana tsagewa take yi, saboda haka a gindin marke za a gina shi, jingine da saiwa, kuma ba mai motsa shi sai ya bushe.

Zaman makoki zai fara ranar Asabar da asuba, a wurin, kuma ba za a tashi ba sai ranar da magaji ya ci wutarsa ta farko. Duk macen da ta taɓa ɗibar garwashi a bakin mamacin ta zo da tabarmarta da goyonta, ta zauna ta jingina da marke. Hasana ta ce ita a nan za ta yi kaɗin audugarta. Ba a bukatar kuka, ba a bukatar sadakar itace, wanda ya kawo ko reshe za a mayar masa da abinsa.

Mai gatari ma ana gayyatarsa. Ya ajiye kayan aikinsa a zaure, ya shigo ya yi gaisuwa, za a ba shi fura. In kuwa Malami ya ce lallai sai an sara, to ya shigo da kansa, a gaban matan unguwar mahauta duka, ya ce wa matar ƙanensa ta tashi daga inda mijinta ya cika.