Rasuwar Rular Malam Taswira

Da zuciya mai nauyi da baƙin cikin da ya ƙi kwanciya, tsohon malamin labarin ƙasa, wanda ɗalibansa ke kira Malam Taswira, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rularsa ta katako. Ta rasu ranar Talata da rana tsaka, a gefen hanya, a hannun surukinsa, bayan shekara talatin da huɗu tana aiki.

Marigayiya tsawonta santimita talatin ne, kuma ba ta taɓa ƙara wa kanta ko ɗigo ba. Lambobinta sun koɗe har sai da Malam ya bi su da biro sau biyu, amma ko sau ɗaya ba a kama ta da ƙarya ba. Da ita ya koya wa ɗaruruwan ɗalibai cewa kafin ka buɗe baki a kan taswira, sai ka fara duba ma'aunin da ke ƙasanta. Duk wanda ya zauna ajinsa zai tuna muryarta a kan tebur: ƙwas! Daga nan sai aji ya yi tsit.

Ajalinta ya soma ne ranar da 'yar Malam ta fari, da cikinta na wata takwas, za ta koma garin da aka mayar da mijinta aiki. Mijin nan shi ne ba ya amsa kira sai an ce Injiniya. Ya aro wata tsohuwar motar ɗaukar kaya wadda allurar manta ta daɗe da mutuwa. Malam ya shimfiɗa taswira a falo don a san man da za a zuba. Santimita ɗaya, kilomita biyar. Kafin ya gyara tabarau, Injiniya ya fizge marigayiya, ya ɗora ta a miƙe daga wannan gari zuwa wancan.

"Sha biyu sau biyar, sittin. An gama, Baba."

"Tashi za ku yi sama?" in ji Malam.

Ya ɗauko zare, ya bi hanyar da shi a hankali, inda ta kewaye dutse, inda ta yi nisa neman gada, sannan ya miƙe zaren a jikin rula. Ashirin da uku. Kilomita ɗari da goma sha biyar. Injiniya ya yi irin murmushin da ake yi wa tsofaffi.

"Baba, wannan lissafin zare ai na zamanin da ne. Ku bar mana."

Aka zuba mai bisa lissafin Injiniya. Malam ya sa rularsa a aljihu ya shiga motar, don ransa bai ba shi ya bar 'yarsa ita kaɗai da mai irin wannan lissafi ba.

Sun ci kusan kilomita saba'in sai motar ta yi tari sau uku ta tsaya, a inda babu gida, babu inuwa. Injiniya ya rantse akwai mai, wai datti ne kawai. Don ya tabbatar da maganarsa, ya zare marigayiya daga aljihun Malam ba tare da neman izini ba, ya zura ta a bakin tanki da yatsu biyu. Ta suɓuce. Ba a ji ko tsulum ba, don babu abin da za ta faɗa ciki. Ƙwal kawai ta ce a kan busasshen ƙarfe, kuma wannan ce maganarta ta ƙarshe.

Awa huɗu 'yar Malam ta yi a zaune kan katifa a gefen titi, ƙafafunta a kumbure, uban yana yi mata fifita da taswira, kafin wani direba ya tausaya ya ja su. Ita da cikinta suna lafiya. Har yau dai ba ta ce wa mijin komai ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Marigayiya ta bar abokin aikinta zare, wanda shi kaɗai ba ya iya faɗin komai, da taswira mai tsagewa biyu, da wani guntun fensir. Injiniya ya aiko da sabuwar rula ta roba mai ƙyalli, an mayar masa a ledarta.

Bakanike zai sauke tankin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe don a ciro marigayiya. Malam da kansa zai wanke ta, ya naɗe ta a farin hankici, ya kwantar da ita a aljihun teburinsa na sama, ya kulle. Za a karɓi gaisuwa a falo har la'asar. Masu zuwa daga nesa su cika tanki, kuma su tambayi hanya wurin kowa ban da Injiniya.