Yaƙin Allunan Soso a Gidan Iya Tabawa

Da sunan Mai sanyaya inuwa muke buɗe tarihin Ramlatu 'yar Malam Sidi mai gyaran rediyo, jikar Barau maƙerin Nguru, sadaukiyar da ta ƙwaci digirin injiniya a tsakiyar maza ba ta sunkuyar da kai ba, guguwa mai hijabi, dodon 'yan kwangila.

A bazarar da rana ta kafa sansani a kan kwanon gidansu, kakarta Iya Tabawa, wadda ta goye ta tun tana jaririya, ta ɗaure ƙullin kayanta ta rantse ƙauye za ta koma, tunda ɗakin birni ya zama tanda. Nan take Ramlatu ta ci ɗamara, ta yi shelar za ta shimfiɗa allon soso mai tauri mai tare zafi a saman silin, zafi ya san ya taɓo gidan manya.

Ta kutsa layin 'yan kayan gini, inda jaruman alluna uku suka ja daga: fari mai ƙwayoyi kamar gero, shuɗi mai taurin kai, da ruwan ɗorawa mai sulken azurfa.

Mai shago ya ce, "Hajiya, da kin turo maigida ya zaɓa."

Ta ce, "Ga ni nan. Sauko da su."

A tsakar gida ta yanko kowanne ta haɗa akwati da shi, ta jefa ƙanƙara ciki don ta ga wanda zai fi tare zafi, ta tsaya a kansu cikin ƙunar rana, leɓe ya tsage, takalmi ya yi laushi, kawunnanta suna daga inuwa suna tambayar ko nan digirin ya ƙare, ita kuwa ko gezau. Sai ga rundunar kajin maƙwabta ta yi wa farin ƙawanya, ta tsattsage shi ƙwaya-ƙwaya, ya yi shahada. Shuɗi ya yi ta maza har azahar, sannan ya fashe da hawaye. Mai sulke kaɗai ya fito da ƙanƙararsa a raye.

Jaruma ta tafi kiran kafinta tana taku ɗai-ɗai. Da ta dawo, sai ta tarar da gwarzon allon kwance a ƙasa, an baje yankakkiyar kuɓewa a kan sulkensa.

"Iya, na silin ne fa."

"Silin ɗin me? Ja'ira, kin taɓa ganin kuɓewa ta bushe ƙaras-ƙaras kafin magariba? Na fasa tafiyar. Ki ƙaro biyu, akwai tattasai."

Ɗakin yana nan tandarsa. Iya a ƙofarsa take shimfiɗa tabarma, tana gadin allon.