Auren da Na Kusa Kashewa a Taga ta Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da na so in manta. Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni, kuma na rasa wa zan fi jin haushi, maƙwabciyata ko ni kaina.

Shekara tara ina aiki a wani masaukin alhazai a unguwar Misfala a Makka, ni ce mai kula da mata masu gyaran ɗakuna. Aka sayar da ginin, aka sallame mu. Na nemi tallafin da ake ba wanda ya rasa aiki, aka biya ni wata uku lafiya lau. Na huɗu shiru. Ga kuɗin haya a unguwar Shisha, ga yara biyu a makaranta. Maigidana kuwa, Abu Hamza, tun hatsarin da ya yi a hanyar Jidda ƙafarsa ta dama ba ta ɗaukarsa sai da sanda, shi ma yana karɓar ɗan tallafin naƙasassu.

Sai na kai kukana wurin Hajja Asabe ta ƙasan benenmu (matar da ba ta taɓa aikin albashi ba ko na yini guda, amma a bakinta ta fi alƙali sanin doka). Ban ko gama bayani ba ta tafa hannu.

"Ai sun gano kuɗin mijinki ne! Gida ɗaya ba ya cin tallafi biyu, wallahi. Ki je ki ce musu ba kwa tare, khalas, shi ke nan."

Ni kuwa na hau na zauna. Mako biyu ina huci a gida. Wato don mutum ya naƙasa sai a hukunta matarsa? Gumin da na yi shekara tara fa? Tun da ofishin tallafin ba ya kusa, a kan maigidana bawan Allah na riƙa hucewa. Ko kwanon abinci da ƙarfi nake dire masa, kamar shi ya rubuta dokar.

Ranar Talatar na sa shi a tasi muka tafi ofishin. Lambarmu ta faɗo a taga ta huɗu, wurin wata ma'aikaciya mai niƙabi da safar hannu, Larabcinta na Hijaz tsantsa. Na buɗe mata wuta da nawa Larabcin, na kira zalunci, na kira hisabi, har mutanen da ke layi suka fara waiwaye. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni cikin sanyi ko ina da aure.

Nan ne na juya wajen Abu Hamza na koma Hausa. Ko rage murya ban yi ba (wa zai ji Hausa a nan, a tunanina).

"Ka ce mun rabu. Ka ce tun bara ka sake ni, rakiya kawai ka yi mini."

Ya dube ni. "Umm Hamza, ki ji tsoron Allah. Kalmar nan in ta fita daga bakina ta fita ke nan."

"To da me za mu biya haya? Da sandarka?"

Ma'aikaciyar ta daina danna kwamfuta. Ta matso da kanta kusa da gilashin, ta ce da Hausar Kano garau, irin wadda kakata take yi: "Yaya, don Allah ki bar wa bawan Allahn nan aurensa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta ci gaba da Hausar, wai don kada na layi su ji. Ta ce kuɗina daga abin da ake yanka a albashina ne tun ina aiki, babu ruwansu da tallafin mijina. An dakatar da su ne saboda sau uku ana turo mini saƙon in je ganawar neman aiki, ban amsa ko ɗaya ba. Na duba wayata, ga su nan reras. Na ɗauka tallan shaguna ne, ban taɓa buɗe su ba.

Muka shiga tasi muka kama hanyar gida har muka wuce unguwar Kudai. Can sai Abu Hamza ya zaro wata takarda daga aljihun jallabiyarsa ya ɗora mini a cinya. Rubutun hannunsa ne, yana roƙon a dakatar da tallafinsa don a dawo mini da nawa.

"Da ta ce maganar Hajja Asabe gaskiya ce, wannan zan miƙa," in ji shi. "Ba sai an kai ga saki ba."

Na yi kuka har direba ya miƙo mini tishu. Kuɗin sun dawo bayan na je ganawar, amma maganar sandar nan ta ƙi komawa cikin bakina, duk da ya ce ya yafe.

Abin da na koya shi ne in riƙa buɗe saƙo kafin in buɗe baki. A garin Makka kuma, in har sai na yi rashin kunya, gara in yi shi da Larabci, tun da aƙalla da shi na san kowa yana jina.