Ginin Ƙasa a Tsakiyar Riyad

"Lafiya lau, mijin banza. Yau kuma ina za ka ja ni?"

Da haka kakata Iya Delou ta amsa gaisuwata. Ta gama Umara ta sauka wurina a unguwar Manfuha ta Riyad, kuma tun zuwanta rigimarmu ɗaya: ni na ce zan rushe ɗakinta na ƙasa a Damagaram in yi mata na bulo, ita ta ce ɗakin da kakana ya gina da hannunsa sai dai a rushe da ita a ciki. Har magina na ɗauka. Wallahi taurin kan tsohuwar nan ya ishe ni.

Kafili, wato ubangidana a wurin aiki, ya ba ni hutu, aljihu kuwa ba nauyi, sai na sa ta a bas muka nufi tsohon gidan Masmak, don shigarsa kyauta ce.

"Ƙawata Zouera jikanta har Turai ya kai ta yawon buɗe ido. Ni nawa mijin ya cusa ni a bas kamar buhun gero."

"Amarya, da waɗannan ƙafafun za ki Turai? Sai dai a auna ki cikin kaya."

"Ƙafafun da suka yi yawo da ubanka a goye? Marowaci, ko ruwa ka kasa saya mini."

"Ga shi a jaka, daga gida na ɗuro."

Muna sauka ta ɗaga kai, ta ja tsaki.

"Mamane, wannan ai ginin ƙasa ne. Ka gasa ni a rana don in ga abin da na baro a gida?"

"Tarihi ne, Iya. Dubi Turawa can suna ta ɗaukar hoto."

Ina rufe baki na san na kwafsa. Ta juyo a hankali.

"Au, masu man fetur ba su rushe nasu ba, sai kai mai ɗurin ruwa a gora?"

"Naki yoyo yake yi."

"Kai ma ka yi yoyo a cinyata, ban rushe ka ba. Yaɓe yake so. Kakanka kowace shekara yake yaɓe shi kafin damina. Tun da ya rasu ba wanda ya sa masa hannu."

Maganar ta soke ni. A tsaye nan na kira shugaban magina a waya.

"Ku bar bulon nan. A kwaɓa ƙasa."

Iya ta yi dariya, ta gyara mayafi a gaban bangon.

"To ɗauke ni hoto, angona. Na fasa sake miji."