Ranar da Na Kai Tunku Hoton Ƙwaƙwalwa

Shekarar da soja suka miƙa mulki, tunkun da nake kiwo ya fara karkace kai yana faɗuwa. Na ce ai yanzu kowa na da 'yanci. Na naɗe shi a tawul ɗin jarirai, na nufi asibiti a yi masa hoton ƙwaƙwalwa.

Matan da ke layi suka matsa mini. "Wayyo, Malam, wuce da shi! Ina uwar?"

Mai ɗaukar hoton ya buɗe tawul, ya saki salati. "Malam, ƙwaƙwalwarka ya kamata a duba."

Kafin la'asar tunku ya mutu a hannuna, na sha kuka. Har yau in na gifta majalisar Ƙofar Marusa sai a ce, "Baban Tunku, ya haƙuri?"