Tsuntsun Jidda a Saman Gidanmu

Ko zan manta da komai, ba zan manta da safiyar Asabar ɗin da mutum bakwai suka hau saman gidanmu a unguwar Hindawiyya, nan Makka, don ganin tsuntsun da bai taɓa taka Makka ba.

Shekara shida ke nan ina cikin wani gurub a waya na masu leƙen tsuntsaye (eh, akwai mu, kuma da hankalinmu). Na sayi darbil, wato madubin hangen nesa, na sayi kyamara mai dogon hanci, rana ta gasa ni a kan duwatsu har na koma kamar ƙanzo. Duk abin da na tara bai wuce tattabaru da kurciyoyi ba.

Sai ga Majid, ɗan ƙanen babana, wanda ni da hannuna na sa shi a gurub ɗin, ko wata uku bai cika ba. An yi ruwa a Makka, ya je unguwar Ka'akiyya gyaran mota, ya tarar da tsuntsayen bakin teku guda biyar tsaye a kududdufi, irin waɗanda ba sa rabuwa da gaɓar Jidda. Da waya ya ɗauke su, hoton ma a karkace. Gurub ya ɗauki zafi. Ammu Sale, dattijon da ya kafa gurub ɗin, wanda bai taɓa ce wa hotona ko sannu ba, ya yi masa saƙon murya na minti huɗu. Sau uku na saurara. Na rubuta "Masha Allah", amma Allah ya sani, hassada ce fal cikina.

Bayan mako biyu, ranar Juma'a, na kai Ummi, mahaifiyata, Jidda cin kifi. A bakin ruwa na hango wani tsuntsu fari da baƙi mai dogayen ƙafafu, irin mai cin ƙaguwa, tsaye a kan dakalin siminti. Na ɗauke shi. Da muka dawo gida Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni. Na yanke tekun daga hoton, na bar tsuntsu da siminti, na tura: "Yau, a saman gidanmu."

Na ɗauka yabo kawai zan sha. Na manta da halin mutanenmu, ba a ba su labarin tsuntsu su zauna a gida. "Bukra bayan asuba muna nan tafe," in ji Ammu Sale, wato gobe Asabar.

Awa biyu suna tsugune, kowa da darbil a ido, suna kallon tankin ruwa da igiyar shanya. Ni kuwa ina nuna gabas ina cewa ta can ya bi. Majid har da kawo ful da tamis, wato wake da gurasa, ya rungume ni yana cewa, "Wallahi ka fi ni, ya akhuya, ɗan'uwana, naka ya fi wuyar gani." (Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.)

Can sai ga Ummi da tiren shayi.

"Tafaddalu, bismillah. Wai me kuke nema a sama tun ɗazu?"

Ammu Sale ya miƙa mata waya cikin ladabi. "Wannan baƙon, ya Hajiya."

Ta gyara tabarau. "Lah! Ai na san shi. Na bahar ne, bakin teku. Shi ne jiya yaron nan ya shanya ni a rana saboda shi, kifina har ya huce."

Ammu Sale ya mayar da darbil cikin jaka a hankali, ya shanye shayinsa, ya ce, "Ya waladi, ɗana, shayin dai na gaske ne." Majid bai yi dariya ba, kallon tausayi ya yi mini, abin da har yau ban yafe masa ba.

Ba su kore ni ba. Amma yanzu ko tattabara na tura, sai wani ya tambaya, "Hajiya ta tabbatar?"

Abin da na koya: hassada, a bar ta a ciki ta ci mai ita. In kuma har ta kai ka ga shirya ƙarya, to kada ka tafi wurin tare da mahaifiyarka.