Ranar da Na Kusa Sa Kucheri Sallah

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan na ashirin da tara ga watan azumi ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ni mutum ne marar son magana. A makarantarmu ta Gusau an san ni da littafi, da kuma ja wa kowane shafi layi da rula. Abu ɗaya na bari sakaka: kallon taurarin ɗan'adam. Bayan magariba nakan zauna a tsakar gidan da nake haya a Damba in ɗaga kai. In na ga ɗigon haske yana tafiya a hankali, ba ƙara, ba ƙyaftawa irin ta jirgi, sai in bi shi da ido har ya ɓace. Ban san sunansa ba, ba na auna komai, ko agogo ba na dubawa. (Wuni nake ina lissafi a aji, nan kam hutawa nake zuwa yi.)

Da aka ba mu hutu na koma gida Kucheri. Azumin shekarar ya faɗo cikin zafi, kowa ya yi laushi. Bayan an sha ruwa an yi sallah, maza suka fito bayan masallaci duban wata. Kowa ya fuskanci yamma. Ni kuwa da na gaji da zura ido a banza, sai na ɗan ɗaga kai sama. Sai ga wani ƙato daga cikin taurarin nan nawa, mai hasken da ban taɓa ganin irinsa ba, yana ratsa sama abinsa.

Ni da ko a aji ba a jin muryata, sai na ji bakina ya ce, "Ga shi can! Wallahi ga shi can!"

Kawu Mamman, ƙanen babana, ya damƙo kafaɗata. "Ka gan shi?"

"Na gan shi, Kawu."

Gaskiya na faɗa. Sai dai shi ɗin da nake nufi daban, shi ɗin da Kawu ke nufi daban.

"Allahu akbar! Ɗan Gusau ya ga wata!"

A nan ya kamata in gyara. Na buɗe baki, na ga fuskoki kusan talatin suna mini murmushi, na rufe. Haka aka tasa ni gaba zuwa gidan liman in ba da shaida. Da muka gifta ƙofar gidanmu na jiyo guɗa, na ji Inna na cewa a miƙo mata kwanon lalle. (Ina tafe ina shirya jimlar gyara a kai, ina sake ta, don ban samu wadda ta yi mini ba.)

Liman na zaune kan buzu, kofin kunu a gabansa, shi ma da gani ya gaji.

"Kai ka gani, ɗana? To zauna. Ka sani azumin gari duka yana wuyanka. Ta ina ya tsaya?"

"Malam… bai tsaya ba."

"Mi?"

"Tafiya yake. Daga yamma ya yi gabas. Ko arewa. Ban auna ba."

"Wata ka tafiya? To ƙahonsa ina ya duba?"

"Ba shi da ƙaho, Malam. Tauraron ɗan'adam ne."

Can daga baya wani ya ce, "Tauraron wa?"

Na soma bayanin yadda ake harba su, da yadda hasken rana ke dukan jikinsu bayan mu ta faɗi mana. Liman ya ɗaga hannu.

"Ɗana, mu na Allah muka fito nema. Na ɗan'adam ka bar shi can Gusau." Ya juya ga jama'a. "A tashi a yi asham. Gobe akwai azumi."

Ban taɓa jin mutane da yawa sun yi ajiyar zuciya lokaci ɗaya kamar haka ba.

Na talatin ɗin nan ya fi sauran duka tsawo. Inna dai ta bar kwaɓaɓɓen lallen inda zan riƙa ganinsa. Da azahar na wuce Kawu Mamman yana kwance a gindin darbejiya, leɓe a bushe. Ko ido bai buɗe ba ya ce, "Malamin sama, ɗaga kai ka duba muna, wagga rana ita ma tafiya take ko ta tsaya?"

Har yau ina kallona, ban daina ba. Amma yanzu duk abin da na gani a sama, sai na kira cikakken sunansa tukuna kafin in ce ga shi. Ranar duban wata kuwa, ƙafafuna nake kallo.